Yabon Ɗan Kuturu: Shin Faifan Farko Na Arctic Monkeys Ya Kai Inda Aka Kai Shi?

Ran 23 ga watan Janairu, 2006, wani ƙaramin kamfanin buga faifai na Landan mai suna Domino ya fitar da kundin waƙoƙin farko na waɗansu samari huɗu 'yan birnin Sheffield da ke arewacin Ingila, waɗanda suka raɗa wa ƙungiyarsu suna Arctic Monkeys. Sunan kundin dogo ne, Whatever People Say I Am, That's What I'm Not, watau dai duk abin da mutane suka ce a kaina, to, ba haka nake ba. Kafin mako ya zagayo an sayar da faifai fiye da 360,000 a Birtaniya kaɗai, adadin da babu wani sabon mawaƙi da ya taɓa kaiwa da kundinsa na farko a ƙasar har zuwa wancan lokaci. A cikin watan dai, mujallar kiɗa ta NME ta jera kundaye ɗari da ta ce su ne mafi girma a tarihin Birtaniya, ta ɗauki wannan jariri ta aza shi a matsayi na biyar, bisa London Calling na Clash, bisa kuma Revolver na Beatles. Alhali kuwa tawadar da aka buga bangonsa ko gama bushewa ba ta yi ba.

Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsunsa. Turawan NME ba su jira ko kwana arba'in ba. Abin da nake so mu duba, ya ku 'yan'uwana masu karatu, shi ne ko faifan ya ɗauki wannan kaya da aka aza masa, ko kuwa ya durƙushe. Ni dai lokacin da ya fito ban kai munzalin sanin kiɗa ba, saboda haka ban ji shi da kunnen da jaridu suka riga suka cika da iska ba. Na ji shi ne bayan ƙura ta lafa, kuma ina ganin wannan wata 'yar dama ce ga mai son yin hukunci.

Da farko ya kamata a rarrabe, domin hayaniyar da ta rako faifan nan iri biyu ce, mutane kuwa sukan haɗa su su yi musu kuɗin goro. Ta farko daga jama'a ta taso. An kafa ƙungiyar a 2002 a unguwar High Green, da Alex Turner mai waƙa da jita, Jamie Cook mai jita, Matt Helders mai ganguna, da Andy Nicholson mai jita mai kaurin murya. Sun fara wasa a gaban jama'a a 2003 a wani ɗan gidan shaƙatawa mai suna The Grapes. Waƙoƙin gwaji da suka ɗauka ba su sayar ba, sai suka riƙa kwafa su a faifan CD suna rabawa kyauta ga duk wanda ya zo kallo. Masu kallon su ne suka zuba su a intanet, suka riƙa miƙa wa juna, har tarin ya sami suna Beneath the Boardwalk. Shafin MySpace da ake ta cewa shi ya ɗaukaka su, masoyansu ne suka buɗe, su kansu samarin sun ce ba su ma san da shi ba. Sakamakon haka, a bukin kiɗa na Reading da Leeds na 2005 tantin da aka ba su ya kasa ɗaukar jama'a, kuma dubban mutane suna rera waƙoƙin da ko kanti ɗaya bai taɓa sayarwa ba. Wannan hayaniya halal ce. Babu ɗan kasuwar da zai iya tilasta wa taron matasa su haddace baitocin da ba su so.

Ta biyu ita ce zugar jaridu, kuma ita ce abin tuhuma. Wanda ya san aikin maroƙi a gidan buki ya san aikin jaridar kiɗa ta mako-mako. Maroƙi ba ya cin abinci sai ya sami wanda zai wasa, in babu sarki a wurin sai ya naɗa ɗaya da bakinsa. NME tsohuwar jarida ce mai tarihi, ita ta fara buga jadawalin cinikin faifai a Birtaniya a 1952, amma zuwa 2006 cinikinta ya yi ƙasa ƙwarai da yadda yake a shekarun 1970, kuma kowane mako tana bukatar fuskar da za ta sa a bango. Ɗabi'ar kuwa ta daɗe a gidan. A 1992 abokiyar hamayyarta, Melody Maker, ta sa ƙungiyar Suede a bango ta kira ta sabuwar ƙungiya mafi kyau a Birtaniya tun ba ta fitar da waƙa ko ɗaya ba. Da Arctic Monkeys suka bayyana da jama'arsu a shirye, sai jaridu suka ga kasuwa ta ci, suka rugo suka shiga gaban jerin gwanon da ba su suka tara ba. Har 'yan siyasa suka tsoma baki. An ruwaito Gordon Brown, Ministan Kuɗi na lokacin, yana yabonsu, amma da aka tambaye shi daga baya ya ambaci waƙarsu guda, sai ya kasa.

Abin dariya a nan shi ne su samarin sun fi masu zuga su hankali. A farkon fim ɗin waƙarsu ta I Bet You Look Good on the Dancefloor, wadda ta hau kan jadawali a watan Oktoba na 2005, Turner ya dubi na'urar ɗaukar hoto ya gargaɗi masu kallo kada su gaskata zuzutawar da ake yi. Sunan kundin ma amsa ce ga jaridu, sun aro shi daga Saturday Night and Sunday Morning, littafin Alan Sillitoe na 1958 a kan wani matashin ma'aikacin masana'anta, wanda aka mayar fim a 1960. Da kuma aka ba su lambar Mercury a 2006, Turner ya hau dandamali ya yi ba'a cewa a kira 'yan sanda, an yi wa Richard Hawley fashi, watau wani mawaƙin garinsu da ya girme su wanda shi ma yake takarar.

To, a ajiye maroƙa a gefe, a sa faifan a saurara. Waƙoƙi goma sha uku ne, duka-dukansu minti arba'in da ɗaya ko kusa da haka, Jim Abbiss ne ya jagoranci ɗaukar mafi yawansu. Abin da suke magana a kai ɗan ƙanƙane ne: daren Asabar na saurayi ɗan shekara goma sha tara a wani birnin arewacin Ingila. Jiran dare tun da la'asar, layin shiga gidan rawa, ƙartin da ke gadin ƙofa, yarinyar da ake jin nauyin tunkara, rigimar bakin titi, 'yan sanda, da tasin komawa gida. Na san wani daga cikinmu zai ce, ina ruwan ɗalibi mai kunya da labarin mashaya na Turawa? Amsata ita ce, mai ba da labarin abu daban, mai kira zuwa gare shi daban. Wanda ya saurara da kyau zai ji cewa yawancin daren nan a cikin takaici yake ƙarewa, kuma mai ba da labarin ya san haka tun kafin ya fita daga gida. Waƙar farko ma, The View from the Afternoon, a kan wannan take: ɗokin da ake yi wa dare ya fi daren kansa auki.

Ƙarfin faifan nan a bakin Turner yake. Ya cika shekara ashirin ne mako biyu da 'yan kwanaki kafin kundin ya fito, iyayensa duka malaman makaranta ne, kuma yana da ido irin na mutumin da ke tsaye a gefen taro yana lura da kowa. Red Light Indicates Doors Are Secured, wadda aka ɗauko sunanta daga sanarwar da ke manne cikin tasi, hira ce kawai ta abokai a kujerar baya: ana faɗa wa direba hanya, ana gardamar kuɗin mota, ana tuna abin da ya faru ɗazu, magana na hawa kan magana kamar yadda take yi a bakin mutane. From the Ritz to the Rubble labarin wanda masu gadi suka hana shiga ne, aka ba da shi da sauri, numfashi bisa numfashi, irin yadda mai jin haushi yakan ba da labari washegari. Riot Van ita kuwa a hankali take tafiya, murya ƙasa-ƙasa, a kan yaran da ke tsokanar 'yan sanda don nishaɗi har aka jefa ɗayansu cikin mota aka lallasa shi. Mawaƙin bai tsaya ya yi wa kowa wa'azi ba, ya bar mai sauraro da abin da ya gani. Ga yaro mai waɗannan shekaru, sanin inda za a yi shiru ba ƙaramar baiwa ba ce.

Sa'an nan ga batun harshe, wanda a ganina shi ne babban dalilin da ya sa jama'arsu suka rungume su. Tun zamanin Beatles da Rolling Stones yawancin mawaƙan rok na Ingila sukan lanƙwasa harshe su yi waƙa kamar Amurkawa. Turner ya ƙi. Da karin harshen Yorkshire yake waƙa, da kalmomin unguwarsu, da sunayen wuraren da ya sani. Kalmar da ke cikin sunan Mardy Bum ta mutanen arewa da tsakiyar Ingila ce, ana faɗa wa mai yawan kumbura fuska, kuma waƙar a kan 'yar tsamar saurayi da budurwa ce, ya makara, ta ɗaure fuska, shi kuma yana tuna mata lokacin da ake dariya. Fake Tales of San Francisco kuwa zambo ce ga ƙananan ƙungiyoyin garinsu masu shiga da magana kamar daga Amurka suka sauka, alhali kowa ya san layin gidansu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ji Hausawa, kuma wanda ya taɓa zama ɗaki ɗaya da ɗalibin da ya je hutun mako biyu a waje ya dawo harshensa ya karye, ba ya bukatar a fassara masa wannan waƙa.

Ba su suka fara ba, lalle. Jarvis Cocker na ƙungiyar Pulp, ɗan Sheffield shi ma, ya riga su waƙar rayuwar talakan birni da harshen gida. John Cooper Clarke, mawaƙin baka na Salford, wanda Turner ya sha faɗin tasirinsa a kansa, ya daɗe yana yi. Mike Skinner ya yi irinsa a kundinsa na 2002, Original Pirate Material. Amma Turner ya zo da nasa, watau saurin jera kalmomi da ya koya daga sauraron mawaƙan rap yana yaro, ya ɗora shi bisa jita. Ya kuma yi dace da makaɗi. Matt Helders shi ne ginshiƙin faifan ta fuskar sauti, gangunansa ne ke tura kowace waƙa gaba, kuma in aka cire shi rabin waƙoƙin za su zube.

A nan ne kuma yabona yake tsayawa. In aka ɗebe kalmomi da ganguna aka saurari sauran kiɗan, ba a jin wani sabon abu. Jitocin gado ne daga Strokes na New York da Libertines na Landan, waɗanda su ma gadon suka ci daga makaɗan ƙarshen shekarun 1970. Salon ɗaya ne kusan ko'ina: a taso da gudu, a tsaya cak, a sake tasowa. A waƙa ta biyu abin yana da daɗi, zuwa ta shida kunne ya riga ya san inda za a tsaya. Dancing Shoes da You Probably Couldn't See for the Lights but You Were Staring Straight at Me kusan labari ɗaya suke bayarwa a gidan rawa ɗaya, kuma da an zubar da guda babu wanda zai yi kewarta. Perhaps Vampires Is a Bit Strong But... ƙorafi ne a kan masu kewaye su don neman abin duniya, irin ƙorafin da ya fi dacewa da wanda ya shekara goma a sana'a, ga shi kuma ta fi yawancin waƙoƙin jan lokaci. Revolver da aka sa a ƙarƙashinsa ya sauya yadda ake ɗaukar sauti a ɗakin ɗauka baki ɗaya, da kaɗe-kaɗen Indiya, da zaren kaset da ake juyawa baya, da gogen Turawa. London Calling ya haɗa rok da rege da wasu salo barkatai a faifai biyu. Faifan Arctic Monkeys bai sauya yadda ake kiɗa ba, ya dai iya abin da ya tarar.

Akwai kuma wani gibi da masu yabo ba su cika ambata ba, shi ne matsayin mata a cikin labaran. Kusan kullum ana hango su ne daga nesa, ana auna su da ido, ba a jin abin da ke ransu. Still Take You Home ita ta fi muni, inda saurayi ke kushe yarinya da kwalliyarta, kana ya ce duk da haka zai tafi da ita. Za a iya cewa mawaƙin halin samari yake tonawa, har da nasa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma faifan da aka ce shi ne na biyar a tarihin ƙasa ya kamata ya san rabin mutanen ƙasar fiye da haka. Inda ya fi kusa da tausayi shi ne When the Sun Goes Down, waƙarsu ta biyu da ta hau kan jadawali, a kan wata karuwa da wani mugun mutum mai shawagi a kanta a unguwar Neepsend, inda ƙungiyar ke atisaye. Sheffield birnin ƙarfe ne da masana'antunsa suka durƙushe a shekarun 1980, kuma a wannan waƙa ce kaɗai ake jin inuwar wannan talauci sosai. Duk da haka ta taga ake leƙen matar, ba ta ce uffan ba har waƙar ta ƙare.

Masu kare zugar sukan kawo hujjar lissafi, su ce ai jama'a sun yi hukunci da aljihunsu. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Kafin Arctic Monkeys, masu riƙe da kambin saurin cinikin kundin farko su ne Hear'Say, ƙungiyar da wani shirin talabijin ya harhaɗa a 2001, wadda ta watse a 2002. A 2007 kuma Leona Lewis, wadda ta ci gasar talabijin ta X Factor, ta karɓe kambin daga hannunsu. Ashe cinikin makon farko yana auna ɗokin da aka tara kafin faifai ya fito ne kawai, domin mai saye a ranar Litinin bai riga ya saurara ba. Ita kanta NME ta janye jiki a hankali. Da ta sake jera kundaye ɗari biyar na duniya a 2013, sai ga Revolver a matsayi na biyu, faifan Arctic Monkeys kuwa bai shiga goman farko ba. A Amurka, inda zugar ba ta yi ƙarfi ba kuma harshen Yorkshire baƙo ne, iyakarsa matsayi na 24 a jadawalin Billboard.

Zuga kuma tana da kuɗin da ake biya, ko da yake ba maroƙin ke biya ba. Watanni kaɗan bayan fitowar kundin aka sanar cewa Andy Nicholson ba zai bi su rangadin Amurka ba saboda gajiya, daga nan kuwa bai koma ƙungiyar ba, Nick O'Malley ya gaje shi. Kamfanoni su kuma da suka ga riba, sai suka bazama suna ɗaukar duk wasu samari huɗu masu jita da karin harshen ƙauyensu. Cikin shekara biyu zuwa uku kasuwa ta cika da kwaikwayo maras gishiri, har 'yan jaridar Ingila suka laƙaba wa irin wannan kiɗa sunan da ke nufin kayan bola. Jaridun da suka hura wutar su ne suka fara toshe hanci. Yawancin waɗannan yara an ɗauke su da alkawari, aka yar da su bayan kundi ɗaya ko biyu, kuma laifinsu bai wuce sun gaskata abin da suka karanta ba.

Su Arctic Monkeys sun tsira ne domin ba su zauna inda aka naɗa su ba. Favourite Worst Nightmare ya fito a watan Afrilu na 2007, kuma ta fuskar kiɗa zalla ni ina ganin ya fi na farkon ƙwari. Daga nan suka tafi hamadar Kalifoniya wajen Josh Homme suka yi Humbug na 2009, mai nauyi da duhu, wanda ya ɓata wa masoyansu da dama rai. AM na 2013 shi ya buɗe musu Amurka. Zuwa Tranquility Base Hotel & Casino na 2018 Turner ya koma kan piyano yana waƙar wani otal da ya ƙaga a duniyar wata. Sun jagoranci bukin Glastonbury sau uku, a 2007 da 2013 da 2023, sun kuma yi wasa a bukin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012. Mai son kare NME zai ce, to, ga shi Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba aka gane ta. Na yarda sun hango gwani. Amma abin da suka rubuta a 2006 hukunci ne a kan faifai guda, suka ce ya riga ya fi kusan duk abin da ƙasarsu ta taɓa yi, kuma nasarar da ta zo bayan shekara bakwai ba ta mayar da wannan magana gaskiya.

Hukuncina ke nan: faifan bai kai inda jaridu suka kai shi ba, amma ya cika alkawarin da ya yi wa yaran da suka haddace shi tun yana kwafin hannu. Waƙoƙi shida ko bakwai a cikinsa sun isa a yi alfahari da su a kowane zamani, uku ko huɗu cikon benci ne. Wanda ba shi da lokacin sauraron duka, ya tafi kai tsaye ga ta ƙarshe, A Certain Romance. A cikinta Turner ya dubi 'yan tashan garinsu, masu yawo da kayan motsa jiki, masu neman faɗa in sun sha, ya zayyana rashin kan gadonsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai shirin yanke musu hukunci. Can kusa da ƙarshe sai ya waiwaya ya ga abokan da ya tashi da su, ya tuna su ma sukan wuce gona da iri, ya kuma amsa cewa ba ya iya jin haushinsu kamar yadda yake jin na sauran. Daga nan bai ƙara cewa kome ba, jitoci suka karɓa suka yi ta hawa har fiye da minti guda kafin faifan ya tsaya.